Talabijin Mai Doro a Bayan Labulen Maman Obinna

Kullum na fito da benci bakin shagona a Gyadi-Gyadi, sai ɗaya daga cikin samarin nan masu gyaran waya ya leƙo ya ce, "Baba Inuwa, har yanzu kana nan da gawarwakin nan naka?" Gawarwakin su ne talabijin masu doro da na jera a ciki. Rannan wani ma cewa ya yi aikina ba aiki ba ne, wai waya ce ja da fara da rawaya, kowace a soka ta a raminta a kunna gem, shi ke nan. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ban ɓoye masa ba. Tun ba a yi auren uwarsa ba nake cikin bayan talabijin, yau shi ne zai faɗa mini abin da yake aiki. To tunda abin ya kai haka, bari in faɗa muku yadda sana'ar take, wanda zai ji ya ji.

Aikin farko da aka ba ni a shagon maigidana Malam Tanko, can Tarauni, riƙe madubi ne. Mai gyara a bayan talabijin yake aiki, hoto kuwa a gaba yake fitowa, saboda haka sai a tsayar da ɗan koyo da madubi yana haska masa fuskar. Hannu ya gaji, madubi ya karkace, ka sha ranƙwashi. Na daɗe ina ganin wulaƙanci ne, ashe ido ake koya mini. A tsayuwar nan na san hoton da ya yi tsawo, da wanda ya yi faɗi, da wanda jansa ya rinjayi shuɗinsa, tun ba a yarda in taɓa sukudireba ba. Bayan madubi sai kwalba, wato gilashin nan mai dogon wuya da hoto yake fitowa a fuskarsa. Kwalba tana riƙe wuta ko da tun jiya aka zare ta daga soket. Sai ka ɗaura waya a jikin sukudireba, ka kai ɗaya bakin jikin ƙarfen akwatin, ka zura a hankali ƙarƙashin robar da ke manne a doron, ka ji ta yi ƙas, sannan ka sa hannu. Wani abokin koyona ya yi gaggawa, ta ɗaga shi ta maka da ƙofa. Daga ranar ya koma sayar da rake, har yau in mun haɗu ba ya son a ɗauko zancen.

Aikin gem ya same ni ne ta hannun wani Ibo, Oga Sunday, wanda ya buɗe gidan gem kusa da kasuwar Tarauni, lokacin na riga na buɗe nawa shagon. Ya shigo da talabijin a kafaɗa yana gumi, ya ce masu wasa suna ƙorafi ƙwallo ta koma ƙwai. Na jona gem ɗin nasa. Akwai wata ƙatuwar ƙwallo da take fitowa a farko kafin a shiga wasa, sai na ɗauko murfin gwangwanin madara na saita shi a kanta. Gefe da gefe ta leƙo, sama da ƙasa ta gaza. Na koma baya ina murɗa 'yan sukurorin tsawo da faɗi, ina leƙa madubi, har ƙwallo ta ɓuya cif a bayan murfi. Oga Sunday ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce bai taɓa ganin injiniya mai aiki da gwangwani ba. Amma daga ranar duk talabijin ɗin shagonsa ni ne likitansu.

Ga abin da ba ku sani ba, ku masu cewa a soka waya kawai. Gem ɗin da, hotonsa ɗigo-ɗigo ne, kuma ɗigon ba shi da yawa. Waɗanda suka zana shi da kwalba suka auna aikinsu. Sun san in suka ajiye ɗigo ja kusa da baƙi, hasken kwalba zai narkar da su su haɗu, sai ka ga kunci, ka ga inuwar ƙafa a kan ciyawa. Filasma kuwa, ta bangon nan, ba ta narkar da komai. Tana da ɗigo ninkin ba ninkin, sai ta ɗauki kowane ɗigon gem ta kumbura shi ya zama bulo, ta kuma ja hoton gefe da gefe don ya cika faɗinta. Kamar ka ɗauki hular jariri ka ce sai ta shiga kan ƙato. Kuma kafin ta gama wannan kumbure-kumbure ta ɓata lokaci, ɗan kaɗan ne, ido ba ya gani, amma yatsa yana ji. Ka danna bugu, ɗan wasa ya yi tunani tukuna sannan ya buga. Wanda bai taɓa riƙe hannun gem ba zai ce ƙarya nake yi.

Shekarar da ta karya mu ita ce wadda filasma ta yi araha. Kowa ya rataya tasa a bango, mai doro ta zama abin kunya a falo. 'Yan gwangwan suka shiga lungu-lungu da kura suna saye. Ba kallo suke so ba, jan ƙarfen da ke naɗe a wuyan kwalba suke so, shi ya sa abu na farko da suke yi shi ne su sa guduma su karya wuyan. Na ga talabijin da na yi rainonta tun tana sabuwa, ba abin da ya same ta, an fasa ta a gabana a kan kwalbati. Abokan sana'ata wasu suka koma cajin waya, wasu suka karɓi adaidaita sahu, wani ya koma gona Wudil. Ni na koyi gyaran filasma don dole, ko da yake gyaranta cire allo ne a sa wani, ba wata basira. Abin da ya riƙe ni a sana'ar gaske shi ne gidajen gem na tsofaffin hannu, kuma a cikinsu ba kamar na Oga Sunday.

Lokacin shi ya riga ya rasu, an binne shi a nan Kano. Matarsa, Maman Obinna, ita ta ci gaba da shagon. Mace ce da ta zo Tarauni tana amarya, ta tsufa a nan, Hausarta ta fi ta wasu 'yan birni daɗi. Duk suna da biki da rasuwa na layin nan da ita ake yi. 'Yan wasanta ba yara ba ne. Magidanta ne, yawancinsu 'yan adaidaita sahu da leburori, waɗanda suka koyi gem ɗin ƙwallon nan tun suna ƙanana, suka girma ba su canza ba. Tsakanin Azahar da La'asar, in fasinja ya yi ƙasa, sai ka ga sahu a jere a ƙofarta. Dokarsu ɗaya ce, wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya tashi. Akwai Rabe, mutumin Gaya, wanda in ya zauna sai kiran salla ne yake tashinsa.

Ɗanta ɗaya ne, Obinna, yana aiki a Legas. Ɗan mai gidan gem ne amma bai taɓa riƙe hannu ba, don uwar ta rantse boko zai yi, ko leƙen shagon ya yi sai ta kore shi. Ya daɗe yana matsa mata ta tattara ta koma garinsu ta huta, ita kuwa tana cewa wa ta sani a can? A ƙarshe suka yi sharaɗi: muddin shago yana tafiya za ta zauna, ran da ya tsaya za ta bi maganarsa. Ta faɗa mini wannan da bakinta, tana dariya, ta ce, "Malam Inuwa, ka riƙe mini tsofaffin nan da kyau, su ne takardar zamana a Kano."

Wata ranar Litinin Rabe ya tsaya da sahunsa a ƙofar shagona, ko sallama bai gama ba ya ce, "Baba, zo ka ga abin da aka yi wa Mama."

Na je na tarar da filasma manya-manya a bango suna sheƙi. Masu doro babu ko ɗaya. Ashe Obinna ne ya tara kuɗi ya aiko wa uwarsa kyauta, ta hannun wani abokin makarantarsa, Nazifi, mai sayar da kayan wuta a Hotoro. Nazifi ya zo ranar Lahadi tana coci, ya kafa sababbi, ya kira 'yan gwangwan suka kwashe tsofaffin don a samu fili, wai a ba ta mamaki. Na dubi bango, na ga 'yan wasa gajeru masu faɗi kamar an zauna a kansu, fuskokinsu bulo-bulo. Rabe ya miƙa mini hannun gem ya ce, "Danna ka ji. Ya yi nauyi, Baba. Ina ganin ƙwallo, ina bugawa, sai ta wuce sannan ƙafar take tashi. Yaron da ya zo jiya daga ƙauye ya ci ni."

Na ɗauki rimot na shiga cikin saitin. Na matse hoton ya koma faɗinsa na asali, na kashe duk wani gyare-gyaren da filasma take yi da kanta, na rage kaifin. Bai koma kamar da ba, ba zai taɓa komawa ba, amma ƙwallo ta zama ƙwallo, nauyin ya ragu. Sai dai hagu da dama baƙi ya fito, don hoton asali bai kai faɗin allon ba. Rabe ya gwada ya ce da dama-dama, a haka za a iya lallaɓawa.

Ba a yi nisa ba aka sake kirana, na tarar an mayar da komai. Nazifi yana nan, da mukullin mota a yatsa.

"Baba, kai ne ka yanke wa Mama tibi?" in ji shi. "Ful sikirin aka saya, ka bar rabi a baƙi. Ai asara ce."

Na ce, "Hoton ke nan iyakarsa. Abin da kake gani ya cika ɗin, ba ƙari ba ne, ja ne."

"To a ja mana! Mutum ya sayi abu ai sai ya more shi duka."

Wannan magana ita ce ciwon garin nan. Ba Nazifi kaɗai ba, duk gidan da na shiga haka ne. Mutum ya gwammace ya ga liman a talabijin ya yi faɗin buhu da ya ga ɗan baƙi a gefe, don gani yake an cuce shi. Na ciro murfin gwangwanina daga aljihu zan nuna masa, ya kalle shi ya kwashe da dariya. Na juya wajen Maman Obinna, don shagonta ne, maganarta ce ta ƙarshe.

Ta ja ni gefe ta yi ƙasa da murya. "Malam Inuwa, bar shi a cike. Obinna ya kira ni ta bidiyo, ya ga baƙin nan, hankalinsa ya tashi. Yana ta tambaya ko lalatattu aka kawo mini. Yaron nan abinci ya hana kansa ya sayi waɗannan."

"To ki faɗa masa gaskiya. Ko ki ba ni shi in yi masa bayani."

"In ce masa me? Kyautarka ta kore mini mutane? Ba da bakina ba, kuma ba da naka ba. Ka yi mini wannan alkawarin."

Na yi mata, ina jin haushin kaina da nata duka.

Sahun da ke ƙofarta ya fara raguwa. Ba gaba suka yi da ita ba, suna tsayawa su gaishe ta, wani ya sayi ruwa ya wuce. Amma mutumin da ya saci ɗan lokaci daga neman abincinsa ba zai zauna yana kokawa da hannu mai nauyi ba. Samarin da ke son filasma kuwa ba sa son tsohon gem, suna can gidajen da ke da sababbin injina da sanyin iyakwandishan. Ta rasa na da, ba ta samu na yanzu ba. Kullum Obinna ya kira sai ta ce, "Lafiya lau, an gode, suna kyau sosai."

Neman mai doro a shekarar nan ya fi neman aure wuya. Na bi 'yan gwangwan har filin da suke zubewa a bayan Darmanawa. Nata na tarar da su, na gane su da alamar dalmata, duk an karya musu wuya. Na tsaya a kan tarin gilashin nan ina zagi, mai wurin yana kallona kamar mahaukaci. A ƙarshe na samu wata mai lafiyayyar kwalba amma allon cikinta ya ƙone, a gidan wata tsohuwa da take ɗora kwanuka a kanta. Na samu wata mai allo ba kwalba. Na haɗa biyun. Ƙafafun kwalbar ba su dace da allon ba, sai da na bi su ɗaya-ɗaya da mita da ƙarfen dalma, idona yana ruwa, don yanzu ba ni da mai riƙe mini madubi, jingine shi nake yi da bulo. Ran da ta kawo hoto, na jona gem na ga ciyawar nan ta kwanta luf, wallahi sai da na ji daɗi har cikin ƙashina.

Rabe ya ɗauko ta a sahunsa, ya rungume ta da hannu ɗaya kamar mara lafiya. Maman Obinna ta gan ta, ta dafa ƙirji, amma ta ce ba za a ajiye ta a gaba ba. Akwai wani ɗan lungu a ƙuryar shagon inda take ajiye janareto da jarkoki, da labule a bakinsa. Can aka kai ta, inda wayar Obinna ba za ta hango ba.

Kafin mako ya zagayo labari ya gama tashar 'yan sahu. Lungun da bai fi ɗaukar mutum kaɗan ba ya cika maƙil, wasu a tsugune, wasu a kan jarka, ana gumi ana ihu. Rabe ya koma kujerarsa. Sai aka yi sabuwar doka: in wayar Mama ta yi ƙara, a kashe murya, kowa ya kama bakinsa, a saki labule. Magidanta da gemunsu su yi tsit a bayan ƙyalle kamar ɓarayi, saboda suna wasa a talabijin da take daidai. Abin yana ba su dariya. Ni bai taɓa ba ni ba.

Ranar da abin ya faru ina nan, na zo duba wani hannu da maɓallinsa ya maƙale. Bayan Azahar ce, lungu ya cika har ana taka juna. Waya ta yi ƙara. Mama ta ɗaga hannu, aka saki labule, wuri ya yi shiru. Ta amsa, suka yi magana da yarensu, sai na ga tana juya wayar tana nuna masa shago. Filasma a bango suna ta haske, bencina a gabansu wayam, ko kuda babu. Wayar ta biyo ta kaina.

"A'a, Baba Inuwa! Ina wuni?" Hausarsa ta Tarauni ce tsaf. "Alhamdu lillahi da na same ka. Baba, dubi shagon nan don Allah. Wannan ne fa lokacin da ya fi cika tun ina yaro. Duk sanda na kira haka nake gani. Har sababbin tibi na sa, bai hana ba. Kai babba ne, faɗa mata gaskiya, sana'ar nan ta mutu."

Labulen yana bayana, in na miƙa hannu zan taɓa shi. Ina jin numfashin mutane a cikinsa. Na ce, "Obinna, sana'a ba ta mutu ba. Akwai abin da..."

Ta kama mini wuyan hannu. Ban san tsohuwar nan tana da ƙarfi haka ba. Ta kalle ni, sannan ta juya wayar gare ta. Suka ƙara 'yan maganganu da yarensu, muryarta lafiya lau, har da 'yar dariya. Ta kashe.

Rabe ne ya fara leƙowa. "Mama, a ci gaba?"

"Ku ci gaba," ta ce. Ta zauna a kan benci, ta ajiye wayar a cinya. "Ya ce ƙarshen wata zai aiko mota."

Lungu ya fashe da magana. Wani ya ce a kira shi yanzu a ɗaga labule ya gani, wani ya ce shi zai karɓi wayar. Ni ma na ce, "Maman Obinna, kalma ɗaya ce fa. Ki bar ni in nuna masa mutanen nan."

Ta girgiza kai. "In ya ga mutanen nan, zai ga abin da suke kallo. Zai tambaya ina sauran, wa ya sa aka fasa su. Shagon ubansa ne, Malam Inuwa. Gara ya ɗauka zamani ne ya kashe shi."

"Ke kuma fa? Wa kika sani a can?"

"Ba kowa," ta ce. "Rabe, wa yake ci?"

Ƙarshen wata mota ta zo. Filasman nan da su ta tafi, an naɗe su da bargo, ta ce a ɗakinta za ta rataya su don in Obinna ya zo gida ya gani. Matan layin suka fito har bakin titi suna kuka, ita tana ba su haƙuri. Mai doron ta bar wa Rabe da abokansa, yanzu tana wata rumfa a tasharsu, in ta yi tari ni suke kira. Shagon an mayar da shi wurin sayar da katin waya.

Tana kirana lokaci-lokaci. Ba ta tambayar shago, ba ta tambayar gem. Sai ta ce in ba ta labarin layin, wa ya haihu, wa ya rasu, kuma kada in yi sauri, don ta kwana biyu ba ta ji Hausa ba.